Idan totur ya maƙale kana tsakiyar titi: matakan tsayar da mota

Wata ranar Asabar na karɓo motata daga wajen wanki, na hau Titin Zariya na nufi Na'ibawa. Akwai wata tifa a gabana tana jan jiki, na taka totur sosai na wuce ta, sannan na ɗaga ƙafa. Mota ba ta sassauta ba. Inji sai ƙara kuka yake, maleji yana hawa, ga adaidaita sahu uku a jere a gabana. Na taka birki na saki, na sake takawa na saki, a na uku sai na ji birkin ya yi tauri kamar na taka dutse. Allah ne ya sa hannuna ya kai kan giya na tura ta firi, wato inda inji ba ya jan taya. Inji ya yi wani irin ihu, amma motar ta saki, na gangara gefe na tsaya, gwiwoyina suna rawa.

Da na leƙa ƙasa sai na ga abin da ya jawo. Kafet ɗin roba ne da aka mayar bayan wanki, an ɗora shi a kan kafet ɗin asali ba tare da an maƙala shi ba. Ya zame gaba, bakinsa ya hau kan totur ya danne shi. Abin da bai kai kuɗin man lita biyar ba ya kusa cin rayukan mutanen da ke cikin adaidaita sahun nan, da nawa.

Tun daga ranar nake tambayar direbobi, tsofaffin hannu da sababbi, me za su yi in hakan ta same su. Mafi yawa suna cewa za su kashe mota, wasu su ce za su ja birkin hannu. Duka biyun suna iya mayar da matsala ta zama hatsari. Shi ya sa na ga ya dace a shimfiɗa matakan dalla-dalla, kuma a san wanne ke gaba da wanne, domin a wannan lamari jerin shi ne komai.

Ka fara sanin yawan lokacin da kake da shi. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cinye kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. A gudun 100 kuwa, kusan mita 28. Ke nan daƙiƙa uku da ka ɓata kana kallon ƙafarka sun isa su kai ka daga inda kake zuwa bayan motar da ka hango can gaba. A hanyoyi irin Titin Katsina wajen Kurna, ko Hotoro, ko Titin BUK, inda mai tura ruwa da ɗan makaranta da mai babur duk suke ratsa titi, ba ka ma da daƙiƙa ukun.

Mataki na farko: ɗaga ƙafa gaba ɗaya, sannan ka taka birki ka riƙe

Kafin komai, cire ƙafar dama ɗungurungum daga inda take. Dalili shi ne, wani lokacin ba totur ne ya maƙale ba, direba ne ke taka shi yana zaton birki yake takawa. Wannan ya fi samun sabon direba, ko wanda ya saba da mota mai giyar hannu ya koma otomatik, ko mai juyawa yana kallon baya zai yi ribas. Mota tana zabura sai ya ƙara dannewa da dukkan ƙarfinsa, yana rantsuwa birki ne. In ka ɗaga ƙafa ka ji injin ya lafa, to kai ne, sai ka nemi birki a hankali.

In bai lafa ba, taka birki da ƙarfi sau ɗaya, ka riƙe shi a danne. Kada ka yi abin da na yi, wato taka-saki. Ga dalili. A bayan fedar birki akwai wata baƙar tukunya mai faɗi da makanikai ke kira busta, ita ke ninka ƙarfin ƙafarka. A yawancin motocin fetur tana aiki ne da zuƙar iskar da inji ke yi. Idan totur yana buɗe gaba ɗaya, wannan zuƙa tana raguwa ƙwarai, sai ya zama abin da ya rage a tukunyar na taku ɗaya ne ko biyu. Duk lokacin da ka saki birki ka sake takawa, zubar da shi kake yi. Shi ya sa a taku na uku na ji tauri. Haka kuma kada ka ɗan ɗora ƙafa sama-sama kana jan motar a hankali, domin inji yana ja birki yana riƙewa, fad, wato abin da ke matsewa ya tsayar da taya, zai yi zafi ya daina kamawa. Taku ɗaya mai nauyi ake so. In ƙafa ɗaya ba ta isa ba a motar otomatik, haɗa biyu a kan birkin.

Birkin mota mai lafiya ya fi ƙarfin injinta. Wannan ka riƙe shi a zuciya, zai hana ka ruɗewa.

Mataki na biyu: tura giya firi

Wannan shi ne matakin da ke raba inji da taya, kuma shi ne wanda mutane suka fi mantawa. A mota mai giyar hannu, taka kuloci har ƙasa, nan take ƙarfin inji ya yanke, sannan ka zare giyar ka bar ta a tsakiya. A otomatik, tura sandar daga D zuwa N. A yawancin motoci ba ka buƙatar danna maɓallin da ke jikin sandar don zuwa N, kuma gara ma kada ka danna, domin rashin danna shi ne ke hana sandar zarcewa zuwa R, wato ribas. Idan giyarka mai lanƙwasasshiyar hanya ce kuma ka karkatar da ita ɓangaren S ko wajen alamar ƙari da ragi, tura ta gaba ba zai kai ka N ba, sai ka fara dawo da ita layin D tukuna. Kada ka kai ta P, wato fakin, mota tana gudu.

Da ta shiga firi, inji zai yi ƙara mai ban tsoro, allurar juyin inji ta haye ja. A nan ne wasu ke firgita su mayar da giya, suna tsoron kada inji ya buga. Ka ƙyale shi ya yi ihunsa. Motocin zamani masu kwamfuta suna da iyakar da ke yanke mai idan juyin ya kai maƙura. Ko da tsohuwar mota ce mai kabireta wadda ba ta da wannan kariya, ana sayen wani injin a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa.

Mataki na uku: nemi gefe

Yanzu motarka ta zama kamar kowace mota da ke gangarawa a firi, sitiyari yana aiki, birki yana aiki. Idanunka a kan titi. Kunna sigina biyu, danna hon, dubi madubi, ka ratsa zuwa gefe. Kada ka sunkuya don janye kafet ko ɗago totur da hannu mota tana tafiya. Wanda ya sunkuya ya saki titi, kuma kafaɗarsa tana jan sitiyari ba tare da ya sani ba. In kana kan gadar sama, kamar ta Ƙofar Nassarawa, ko cikin gadar ƙasa ta Kabuga, inda babu wajen raɓewa, ka tsaya a layin dama kusa da bango, kada ka ce sai ka sauka.

Mataki na huɗu: sai ka tsaya sannan ka kashe

Kashe mota shi ne na ƙarshe. In ka kashe ta tana gudu, sitiyari zai yi nauyi, busta ta daina samun iska, ka rasa mataimaka biyu a lokacin da ka fi buƙatarsu. Mafi muni, idan ka murɗa makulli har ƙarshe ko ka zare shi, sitiyari yana iya kullewa, mota ta tafi inda ta fuskanta.

Sai fa idan giyar ta ƙi shiga firi sam. A nan ba makawa ka kashe, amma ka murɗa makullin taki ɗaya kawai zuwa ACC, ka bar shi a jiki, ka ci gaba da danne birki, ka riƙe sitiyari da hannu biyu domin zai yi nauyi. Masu mota mai maɓallin tayarwa su lura sosai: taɓa maɓallin sau ɗaya mota tana gudu ba ya kashe ta, an yi haka ne da gangan don kada yaro ko gwiwar hannu ta kashe inji a hanya. A motocin Toyota da Lexus da yawa sai ka danne shi ka riƙe har daƙiƙa uku. Wasu kamfanonin kuma dannawa sau uku a jere da sauri ke kashewa. Ka duba littafin motarka tun yau, in babu littafin ka nemo shi a intanet da sunan motar da shekararta.

Bayan ta tsaya, sa P ko giya ɗaya, ja birkin hannu, fitar da mutane ta ƙofar da ba ta kallon titi, ka ajiye alamar nan mai kusurwa uku da nisa a baya. In ka ga kafet ne da idonka, cire shi ka jefa but, ka taka totur da inji a kashe ka tabbatar yana dawowa da kansa. In ba ka ga dalili ba, kada ka sake tayar da ita ka ce bari in lallaɓa zuwa gareji. A kira makanike ya zo, ko a ja ta. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ita ce 122, akwai kuma 112.

Wata kalma ga fasinja, musamman wanda ke gidan gaba. In direba ya ruɗe, a otomatik kai ma kana iya tura masa sandar zuwa N, ka ce masa da murya ɗaya, "Taka birki ka riƙe!" Hajiya da ke gefen maigida, ke ma wannan aikinki ne. Amma kada a kama masa sitiyari, kada a fizgi birkin hannu. A yi salati, baki yana yi hannu yana aiki.

Me ke sa totur ya maƙale

Kada wani ya ɗauka maganar kafet ƙaramar magana ce. A watan Agustan 2009, kusa da birnin San Diego a Amurka, wata Lexus ES 350 ta kwashe da wani jami'in 'yan sandan kan hanya da iyalinsa, gudun ya haura kilomita 160 a awa, mutum huɗun da ke ciki duk suka rasu. Motar aro ce aka ba shi, an sa mata kafet ɗin roba na wata motar da ya fi wajen tsawo, shi ya riƙe totur. Mutum ne da tuƙi aikinsa ne, amma motar ba tasa ba ce, kuma mai maɓallin tayarwa ce. Bayan wannan Toyota, mai ƙera Lexus, ta yi kiranyen motoci kusan miliyan 3.8 a Amurka don gyara saboda kafet, a Janairun 2010 ta ƙara kiran miliyan 2.3 saboda fedar totur da ke jinkirin dawowa. A Fabrairun 2011 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka tare da injiniyoyin NASA, hukumar binciken sararin samaniya, suka fitar da sakamakon bincike cewa ba su sami laifi a kwamfutar motocin ba. Abin da aka samu shi ne kafet, da feda mai maƙalewa, da direbobin da suka taka totur a maimakon birki.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne, cikin motocin da aka kira akwai Camry ta 2007 zuwa 2010 da Corolla ta 2009 da 2010, waɗanda yau su ne cike da titunan Kano, an shigo da su na hannu. Mu kuma al'adarmu ce da an sayi mota sai a je a sa mata leda a ƙasa, a ɗora kafet a kan kafet don kada na asali ya yi datti. A wajen direba kafet ɗaya tak ya kamata, wanda aka yanka daidai motar, a maƙale da ƙugiyoyinsa. Duk lokacin da aka wanke maka mota, ka duba da kanka kafin ka tayar.

Sauran dalilan ma na gida ne. Gorar ruwa da aka jefar ƙasan kujera tana gangarowa ta shige ƙarƙashin birki. Silifas da takalmi sau-ciki suna zamewa su saƙale. Bakin babbar riga ko dogon hijabi yana naɗe feda, a tattare shi kafin a tashi. A tsofaffin motoci masu wayar totur, wayar tana tsinkewa sili-sili daga ciki ta riƙa kamawa, ko sifirin da ke dawo da ita ya saki. Ƙurar hunturu kuma tana haɗuwa da maiƙo ta daskare a maƙogwaron da iska ke shiga inji. Duk waɗannan suna ba da sanarwa tun da wuri: totur ya yi nauyi, ko ka ɗaga ƙafa inji ya ɗan jima bai sauko ba, ko mota tana tsaye tana ƙara da kanta. Ranar da ka ji haka, ranar za ka je gareji.

In birki ne ya tafi, a juya lissafi

A nan nake so a natsu, domin maganin wannan kishiyar na farko ne, kuma wanda ya haɗa su zai cutu. In totur ya maƙale: firi, kuma ba a taka-saki. In birki ya zube, wato ka taka ka ji fedar ta nutse har ƙasa ba komai: ba a sa firi, kuma taka-saki ake yi da sauri.

Cire ƙafa daga totur. Buga birkin sau da yawa a jere, domin motoci suna da layin man birki biyu, in ɗaya ya fashe ɗayan yana iya kamawa can ƙasa-ƙasa. A lokaci guda ka riƙa sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, daga huɗu zuwa uku zuwa biyu, inji ya riƙe motar. A otomatik daga D zuwa 3, zuwa 2, zuwa L, ko ta alamar ragi. Kada ka tsallaka daga giya babba zuwa ɗaya kai tsaye, tayoyi za su iya ja su zame. Sannan birkin hannu: danne maɓallinsa da babban yatsa, ka ɗaga a hankali, in ka ji baya na neman juyawa ka ɗan saki. Tayoyin baya kawai yake kamawa, fizga ɗaya a kan gudu tana iya juya motar ta kalli inda ta fito. Mai birkin hannu na lantarki ya ja maɓallin ya riƙe. Kada ka kashe inji. Hon kada ya tsaya. In duk ba su isa ba, goga tayoyi ko gefen motar a jikin kankaren tsakiyar titi a kwance-kwance, ko ka nemi yashi ko hawa. Gara bodi ya tafi da a shiga cikin 'yan kasuwar bakin titi.

In kuwa fedar tauri ta yi ba nutsewa ba, ko dai wani abu ya shiga ƙarƙashinta, ko busta ta daina aiki, ko inji ya mutu. Birkin yana nan, ƙarfi kawai yake so, ka jingina da kujera ka danna iya ƙarfinka. Da damina kuma, in ka ratsa ruwan da ya kwanta a titi a watan Agusta, ka ɗan taka birki a hankali sau biyu ko uku bayan ka fito don ya bushe.

Man birki yana shan danshi, in ya tsufa yana tafasa idan birki ya yi zafi, shi ya sa kamfanoni da dama ke cewa a sauya shi duk shekara biyu. In ka ga yana raguwa a gwangwaninsa, ƙari ba magani ba ne, ko fad ya cinye ko akwai inda yake yoyo.

Taya, bonet, da wuta

Fashewar taya ta fi yawa da bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 kwalta tana turiri. In ta fashe, ƙafa za ta ruga birki da kanta, kuma wannan takun ne ke kifar da mota. Riƙe sitiyari da hannu biyu ka miƙar da ita, ɗaga ƙafa daga totur sannu a hankali, ka bar ta ta rage gudu da kanta, sai ta yi sanyi sannan ka taɓa birki ka gangara gefe. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ta fi ɗaukar zafi. Adadin iskar da ta dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, ka nuna wa mai faci, kuma a auna da safe kafin taya ta yi zafi. A jikin kowace taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra tana lissafa shekara huɗu daga wannan rana, don haka mai sayen taya ta hannu ya karanta lambar kafin ya dubi zanenta.

Bonet yakan tashi ne bayan an duba mai ko ruwa ba a rufe da kyau ba. In ya rufe maka gilashi, leƙa ta ratar da ke ƙasansa ko ta tagar gefe, sigina biyu, ka rage gudu a hankali. In ka ji warin fetur ko ka ga hayaƙi, tsaya, kashe, fitar da kowa, kada ka wangale bonet domin iska wutar ke jira. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi inji yana da zafi.

Gwajin da za ka yi a makon nan

Karatu kaɗai ba zai kai hannunka kan giya ba a ranar da abin ya faru. Zauna a motarka a ƙofar gida, birkin hannu a ja, makulli a ON, ƙafa a kan birki. Rufe ido ka tura sandar daga D zuwa N, ka buɗe ka gani ko daidai ka tsaya. Maimaita sau goma. Sannan gwada busta: inji a kashe, taka birki sau biyar har ya yi tauri, wannan taurin shi ne za ka ji in iska ta ƙare, ka san shi tun yanzu. Riƙe shi a danne ka tayar da mota. In fedar ta ɗan nutse ƙarƙashin ƙafarka, busta tana aiki. In ba ta motsa ba, makanike ya duba.

Daga nan ka nemi fili ko layin da babu kowa, da sassafe ranar Lahadi. A gudun da bai wuce kilomita 20 ba, sa firi, taka birki ka riƙe har ta tsaya. Sake tashi, a wannan karon ka tsayar da ita da ƙaramar giya da birkin hannu kaɗai, ka ji yadda take amsawa. Duk wanda ke taɓa makullin motar nan a gida, uwargida ce, ko yaron da ya fara koyo, ko direban da ke kai yara makaranta, a sa shi ya yi gwajin a gabanka. In mota ta aro ce ko sabuwar saye, kafin ka fita daga layi ka nemo N, ka gane yadda birkin hannunta yake, ka ja kafet ɗin direba da hannu ka ji ko a maƙale yake.